Ranar Da Na Taɓa Furen Mai Katako

Ku 'yan matan lakwal da kuke tsayawa ƙofar shagonmu in an tashe ku, kuna leƙe kuna cewa Zuwaira ta huta, aikinta ta shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle ta fito, ga amsarku. Uku daga cikinku sun ce in koya musu. Na ce to, amma su karanta wannan tukuna. Da baki na so in faɗa, sai dai har yanzu in na kai tsakiyar labarin muryata ba ta kai ni ƙarshe.

Babana, Malam Sani Mai Hoto, mutumin Maraɗi ne. Fataucin goro ya kai shi Kumasi, a can ya koyi hoto, ya zo ya kafa shago a Tireshbil tun unguwar tana yashi da gidajen katako. Ya sa ni lakwal ne, makarantar boko, don a samu mai karanta masa takardun da ke zuwa cikin kwalin magani. Na wuce firamare, ina cikin ta gaba yanar ido ta rufe masa gani. Na dawo gida na kama aiki.

Shekara guda ban leƙa cikin akwatin ɗaukar hoton ba. Ɗebo ruwa daga famfo, tace shi da ƙyalle, wanke faranti, haɗa ruwan da ke fito da hoto da wanda ke kama shi kada ya gudu. Ku dubi faratana in kun zo, ba lalle ba ne, maganin ne ya rina su. Akwatin kansa na katako ne, da wuya na fata kamar zugazugin maƙera, ido a gaba, gilashi mai hazo a baya inda mutum ke fitowa kai ƙasa ƙafa sama. Hoton yana kamuwa ne a kan wani gilashi mai magani da muke kira filak. Akwatinmu ba shi da abin dannawa. Murfin idon ake cirewa da hannu, a jira, a mayar. Baba da ƙulhuwallahu yake auna jiran: ɗaya a rana, uku a inuwa, bakwai in hadari ya haɗu. Ni ma da ita nake aunawa, duk da agogon da aka koya mini a lakwal.

Mace ta farko da na ɗauka ni kaɗai wata Bajula ce mai sayar da atamfa. Ta zo da zane uku a jiki da keken ɗinki da aka ɗauko mata a ka, don 'yan'uwanta na Bobo su gani. Na ɗauka, na wanke, hoto ya fito tsaf, ta duba ta tura mini abina.

"Wannan kakata ce," in ji ta. "Ni ina nake?"

Baba ya sa na zaunar da ita a inda take, ya ce in gaya masa ta ina haske ke zuwa. Sannan ya ce in kama haɓarta in juya ta kaɗan wajen ƙofa, in ɗaga ɗaurin kallabin daga goshi, in sauke mata kafaɗa. Muka sake. Ta karɓa tana dariya, ta ce ashe ina da hankali. Daga ranar hannuna ya koyi abin. Namiji da baki nake gyara shi, mace da yaro da hannu. Mace ba ta gama zama ba yatsuna biyu sun isa haɓarta, ban ma san na yi ba.

Aikin furanni ya zo ne ta hannun Kawu Illiya. Shi ma ɗan Maraɗi ne, tare suka yi ƙuruciya da Baba, yana zaune Boromakote da matarsa Inna Hajo da 'ya'ya huɗu. Lambu yake yi wa wani Bature mai sayar da itacen daji, wanda duk unguwar Ajame ke kira Mai Katako. Gidansa yana gefen Ajame ta wajen ruwa, a bayan gidan kuma akwai ɗaki mai rufin gilashi da aka shafe da farar ƙasa, bangonsa gora jere da tazara. Ser suke ce masa. A ciki yake kiwon furannin da ake kira orkide. Fure ba ya jure tafiyar jirgin ruwa, shi kuwa yana so masu irin wannan kiwon a Faransa su ga abin da yake da shi. Saboda haka duk wanda ya buɗe sai a aiko mini. In ɗauki mai dako, mu haye gadar da ke iyo a kan ruwa, mu ratsa Filato, unguwar Turawa, mu hau Ajame. Wani mai gadi Bamoshe, Tinga, ya buɗe mana ƙofa.

Kuna cewa fure ai ba ya motsi, ba ya ƙifta ido. Ku shiga ser ku gani. Da shigarki idon akwati zai yi gumi, sai kin zauna kin jira ya huce. Iska ɗan kaɗan ta ratso gora, furen yana rawa a kan dogon karansa, kuma jiransa ya fi na mutum tsawo. Filak ba ya ganin launi yadda muke gani: ja ya mayar da shi baƙi ƙirin, shuɗi-shuɗi ya wanke shi ya zama fari. Sai an ɗaura gilashi rawaya a gaban ido kafin leɓen furen ya nuna zanensa, shi kuma yana ninka jiran. Bargo mai toka a baya, wani ya riƙe farin ƙyalle a gefe ya mayar da haske cikin maƙogwaron furen. Sannan in rubuta launukan a littafi nan take, don in na buga hoton da burushi nake saka su, kuma kai ba ya riƙe launi daga Ajame zuwa Tireshbil.

Kawu Illiya bai san boko ba, amma duk tukunyar da ke ɗakin ya san uwarta da ubanta. Mai Katako yana rubuta sunaye a ɗan kwano ya soke a tukunya, Katleya, Leliya, da wasu masu wuyar faɗa. Kawu nasa sunayen yake kira. Babbar mai launin makuba Gimbiya. Fara mai geza a leɓe Mai Gemu. Ta dajin nan mai ɗigo-ɗigo Damisa.

Wata rana ya nuna mini yadda ake haɗa su. A tsakiyar kowane fure akwai ɗan tsayayyen abu kamar yatsa, a kansa wata 'yar hula da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya sa tsinken tsintsiya ya ɗaga hular, sai ga ƙwayoyi rawaya kamar riɗi sun manne a tsinken. Ya kai su cikin wani ɗan rami mai danƙo a furen wata tukunyar.

"Shi ke nan, an ɗaura," ya ce. "Waccan ta zama uwa."

"Sai yaushe, Kawu?"

"Ɗiyata, ke dai kina da gaggawa. Ƙwanson irin yakan kusa shekara kafin ya fashe. Irin kamar gari yake, in kika yi atishawa kin yi asarar gona. A barbaɗa shi a gindin uwar. In Allah ya so, ɗaya ko biyu su tsiro. Sannan ki ba shi shekara bakwai."

"Kuma da wa zai yi kama, uwa ko uba?"

"Da wa kika yi kama ke? Sai ya buɗe a sani."

Ya ce ba kowace da kowace ke haɗuwa ba, sai dangi na kusa. Ya gwada Damisa da Gimbiya sau da yawa, ba su taɓa yarda ba. Kuma tun ranar farko ya kafa mini doka: ki taɓa tukunya, ki taɓa bargo, kada ki taɓa fure. Shekara biyu ina kiyayewa.

Sai yaƙin Turawa ya tsayar da jirage. Filak ya ƙare a kantunan Filato, magani ya ƙare. Muka koma ɗaukar hoton katin shaida a kan takarda, a ɗauka baƙi-fari a juye, a sake ɗaukar takardar kafin mutum ya fito daidai. Masu hoto biyu a layinmu suka rufe, ɗaya ya koma gyaran keke. Abin da ya rage mana kwalin filak guda, Baba ya sa shi cikin gwangwani da soyayyar shinkafa don kada laima ta ci shi. Ba a buɗe gwangwanin sai da izininsa.

A cikin wannan shekarar ne ɗan Gimbiya da Mai Gemu ya yi toho. Tsiro ɗaya ne ya rayu daga haɗin, kuma fure ɗaya ya fitar. Mai Katako ya riga ya ce sunan matarsa zai sa masa. Aka aiko ran Lahadi, na je ran Litinin da filak biyu, iyakar abin da Baba ya yarda.

Girman uwar ya ɗauko da gezar uban, launinsa kamar cikin goba. Mai Katako ya tsaya ya ga na kafa akwati, sannan aka kira shi waya ya fita. Na ɗauki na farko, ƙulhuwallahu goma sha biyu. Da na koma ƙarƙashin ƙyalle don na biyu, sai na ga furen ya ɗan sunkuya, maƙogwaronsa a inuwa. Iska ta taso, Kawu ya ajiye farin ƙyallen ya tafi rufe ƙofa. Na fito, na kai yatsa biyu ƙarƙashin leɓen, na ɗaga shi wajen haske. Sai da na ji sanyinsa a fatata na tuna inda nake. Na janye hannu. Na duba, ban ga abin da ya canza ba. Kawu ya dawo, na ɗauki na biyu, ban ce masa komai ba.

Ran Laraba da la'asar Inna Hajo ta shigo shago, ko mayafinta ba ta daidaita ba. Ta gaida Baba a tsaye.

"Zuwaira, ke kika yi boko. Rubuta mini takarda zuwa wurin Bature."

"Lafiya, Inna?"

"Furen nan ya kwanta. Jiya ya fara, yau ya zama kamar tsumma. An ce ya kamata ya yi sati uku. Bature ya duba ya ce babu hula, ya ce Kawunki ne ya cire ya sayar wa wani Bature da ƙwayar. Kawunki ya rantse masa har da Alƙur'ani, ya ce ko ɓera ne, ko zuma. Bai ji ba. Gobe da safe kamyon, motar kaya, zai tafi shantiye, da shi za a tafi."

Ku da kuka taso a nan kun san shantiye, wurin saran itace a cikin daji inda ake kai mutanen aikin dole. Kun ga waɗanda suka dawo. Kawu ya haura arba'in kuma yana da tarin da ba ya barinsa in damina ta kama. Aikin lambun nan ne ya tsare shi duk shekarun nan.

Na ce ta zauna. Na shiga ɗakin wanki na ɗauko filak biyun, da ma na wanke su tun ran Litinin, na ɗaga su a taga da gilashin ƙara girma. A na farko hular tana nan, ɗan baƙin ɗigo a kan yatsan furen, don a filak fari baƙi yake fitowa. A na biyu babu. Na san fure yana kwanciya in an ɗaura shi. Ban san faɗuwar hula kaɗai ta isa ba. Tsakanin filak na farko da na biyu kuwa mutum ɗaya ne ya tsaya kusa da furen.

Na kira Baba ciki na gaya masa. Ya karɓi gilasan yana shafa gefensu da yatsa.

"Wa ya gani?"

"Babu."

"In kika kai masa na farkon kaɗai, zai yaba miki. In kika kai biyun, zai iya sa a rufe shagon nan. Zai iya abin da ya fi haka." Ya haɗa gilasan biyu a hannunsa. "Ni ba na gani, Zuwaira. Ke kika gani."

Ya miƙo mini su duka biyun. Na fito na ce wa Inna Hajo ba sai an rubuta takarda ba.

Da gari ya waye na naɗe su a tsumma na kama hanya ni kaɗai. A kan gada jirgin ƙasa ya zo wucewa, katakon yana rawa a ƙarƙashina, ruwa ga shi nan hagu da dama. Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya, na dubi ƙunshin, na dubi ruwan. Har jirgin ya wuce ina tsaye. Sannan na ci gaba.

Na tarar da kamyon a cikin gida, injin yana aiki, mutane a baya zaune kan buhunan shinkafa. Kawu yana can ƙarshe da ɗan ƙunshinsa da butarsa. Tinga ya buɗe mini ƙaramar ƙofa.

"Madmazel Foto, yau ba akwati?" ya ce. "Yau maigida ba kyau. Ki dawo gobe."

Na wuce shi. Mai Katako yana baranda yana shan kafe, bulalar dorina a kan tebur, karensa a ƙasa. Na gaishe shi da Faransancin lakwal, na kira shi Mushe kamar yadda ake kiran Bature, na ajiye filak biyun, na ce ya duba kan furen a wannan, ya duba a wannan. Ya ɗaga su a rana. Ya karɓi gilashin ƙara girma. Ya daɗe yana dubawa, ya san abin da yake kallo.

"Ina Illiya yake lokacin?"

"Ya je rufe ƙofa, Mushe."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Na juya shi ne wajen haske."

"Kin juya shi." Ya maimaita a hankali. "Kin san shekara nawa?"

"Bakwai, Mushe."

Ban ga lokacin da ya ɗauki bulalar ba. Ƙararta na ji. A kan tebur ta sauka, tazarar yatsa da hannuna, filak na biyu ya tarwatse, wani yanki ya shige mini bayan hannu. Karen ya miƙe yana haushi. Mai Katako ya sake ɗaga bulalar, na rufe ido. Ba ta sauko ba. Da na buɗe, ya ja filak na farko gabansa ya rufe shi da tafinsa kada wani abu ya same shi. Ya ce kada ya sake ganina a Ajame da akwati. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa mai kula da lebura a sauke Illiya.

Kawu ya sauko da ƙyar, yana duban hannuna da ke zuba. Na ɗauka an gama. Sai mai kula da leburan ya matso da takarda.

"Mushe, mutum goma sha biyu aka rubuta. Yanzu sha ɗaya ne."

Mai Katako ya waiga. Tinga ya riga ya buɗe babbar ƙofa don kamyon ya fita, yana riƙe da ita. Ya nuna shi da bulalar.

"Wancan."

Tinga ya duba bayansa, ya ɗauka da wani ake. Aka kama shi aka ɗora. Ba shi da ƙunshi, ba shi da takalmi. Kamyon ya fara tafiya sannan Tinga ya tuna da makulli a wuyansa, ya cire ya jefo wa Kawu. Kawu ne ya rufe ƙofar.

Wata biyu ke nan. Ba a rufe shagon ba. Kawu yana lambunsa, tsiron yana raye, ya ce baɗi zai sake fure. Ciwon hannun ya warke, amma in na kai shi cire murfin ido rawa yake, akwatin ya motsa, hoto ya fito mutum biyu-biyu. Na ɓata takarda da yawa kafin na gane in tokare gwiwar hannu a cikina in riƙe numfashi. Mata kuma yanzu da baki nake gyara su, suna cewa na yi girman kai.

Ran Juma'ar da ta wuce Kawu ya zo da wata mata da goyo. Matar Tinga ce. Ba ta jin Hausa, da Julanci muka yi. Ta ce ta samu direban da ke shiga daji, ya ce shantiye ba ɗaya ba ne, kuma masu suna Tinga a can sun fi goma, amma in da hoto zai nuna a tambaya. An gaya mata ni ce mai hoton gidan, shekara biyu ina shiga ina fita.

Na sauke akwatunan filak na ser duka. Kowane fure yana nan, daga gaba, daga gefe, da sunan uwa da na uba a rubuce a jikin takardarsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta karkata, tana zaune tana ba ɗan nono. Ban taɓa ɗaukar Tinga ba. A wani hoton Damisa ne kawai, ranar da Kawu ba shi da lafiya aka kira Tinga ya riƙe farin ƙyalle, na ga hannu ya shigo ta gefe, yatsu huɗu da zoben tagulla. Irin abin da nake yankewa in zan buga.

Na buga shi ban yanke ba. Na ce mata ta yi haƙuri, wannan ba zai yi wa direba amfani ba. Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta rufe furen da tafinta, ta daɗe tana duba gefen.

"Nasa ne," ta ce.

Ta naɗe shi a bakin zane, ta gyara goyonta, ta tambayi Kawu ta ina ake bi a koma gada.